Bitar Tsofaffin Tambayoyi: Turanci Ake Koyo ko Dabarar Cin Jarrabawa?

A farkon watan Agustan 2025 hukumar WAEC ta fitar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare, gidaje da yawa suka kwana ba daɗi. Cikin ɗalibai 1,969,313 da suka zauna jarrabawar a Najeriya, kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi. Bayan kwana huɗu shugaban hukumar a Najeriya, Dakta Amos Dangut, ya fito ya ba da haƙuri. An yi kuskure wurin duba takardar Turanci ta zaɓin amsa, an auna amsoshin yara da jerin amsoshin da ba na takardarsu ba. Da aka sake duba, adadin ya tashi zuwa kashi 62.96. Tuntuɓe guda a darasi guda ya so ya tsare yara kusan rabin miliyan a bakin ƙofar jami'a.

Nauyin Turanci ke nan a karatun boko na Najeriya. JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ba ta ɗauke wa kowa shi, ko da Hausa ko Larabci yaro yake son ya karanta. Ko a watan Oktoban 2025, da gwamnatin tarayya ta sassauta sharaɗin Lissafi ga masu neman darussan adabi, Turanci ya tsaya daram inda yake. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan zangon ƙarshe na 'yan aji shida ya koma kakar bita. Masu sayar da littattafai a Sabon Garin Kano da Zariya su cika teburansu da kundin tsofaffin tambayoyi na shekara goma, na shekara ashirin, amsoshi a baya. Wuraren lesin su cika da yamma. Makarantun kuɗi su tsayar da manhaja cak, su shiga jarrabawar gwaji mako bayan mako. A Kano ma bitar kan fara tun daga aji biyar, saboda jarrabawar kwalifayin da gwamnati take tantance waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar NECO da ita.

A nan malamai da iyaye suka rabu biyu. Wasu na ganin wannan bita ita ce gatan ɗan talaka, wasu na ganin ita ce ta kashe Turancin yaran yau.

Kafin a saurari kowa, ya kamata a san yadda jarrabawar take, domin rabin gardamar daga siffarta ta taso. Turancin WAEC kashi uku ne. Akwai tambayoyi 80 na zaɓin amsa a kan kalmomi da ginin jimla, awa ɗaya, maki 40. Akwai takardar rubutu ta awa biyu mai maki 100: insha'i na kalmomi 450 da ke ɗauke da maki 50, auna fahimta maki 20, sai taƙaitawa maki 30. Na uku shi ne gwajin furuci, tambayoyi 60 cikin minti 45, maki 30. Jimilla 170. NECO, wadda aka kafa a 1999 da hedikwata a Minna, kusan wannan sawun ta bi. JAMB kuwa duk zaɓin amsa ne a kwamfuta tun 2015: tambayoyi 60 na Turanci, arba'in-arba'in na sauran darussa uku, awa biyu.

Magoya bayan bita da agogo suke fara kafa hujja. Tambayoyi 80 cikin awa ɗaya na nufin daƙiƙa 45 ga kowace tambaya. A JAMB ma daƙiƙa 40 ne. Yaron da bai taɓa zama da agogo a gabansa ba, ko ya iya Turanci, mai sa ido zai ce a ajiye alƙalami yana tambaya ta hamsin. Akwai kuma wanda zai ɓata awa ɗaya da kwata a kan insha'i, yana gyara hannu yana ƙawata buɗewa, ya zo taƙaitawa saura minti goma, maki 30 su tafi a banza. Babu littafin nahawun da ke koya wa yaro raba lokaci. Sai ya zauna ya gwada, lokaci ya ƙure masa sau biyu sau uku a gida, sannan jikinsa ya saba.

Hujjarsu ta biyu ita ce jarrabawar tana da ƙa'idojin da ba a rubuta su a kan takardar tambaya ba. A taƙaitawa, wanda ya kwafo jimlar marubuci ɗungurungum ya yi asarar maki, wanda ya ba da amsa da guntun magana alhali jimla aka nema ya yi asara, wanda ya cusa ƙarin bayanin da ba a tambaye shi ba shi ma a rage masa. A insha'i, wasiƙar hukuma tana da tsarinta, da adireshi biyu da take, wasiƙa zuwa ga aboki tana da nata, jawabin muhawara yana da gaisuwarsa. Makin insha'in ma kashi huɗu aka yi shi: goma ga abin da aka faɗa, goma ga tsari, ashirin ga iya sarrafa harshe, goma ga tsabtar rubutu. Ɗan makarantar kuɗi a Abuja ya san wannan tun yana aji huɗu, don sau da yawa malaminsa yana cikin waɗanda WAEC ke ɗauka duba takardu. Ɗan makarantar jeka-ka-dawo a ƙauyen Jigawa ko Zamfara daga ina zai sani, in ba daga kundin tsofaffin tambayoyi da malamin lesin ba? Duk mai ƙyamar bita, in ji su, ya tuna cewa 'ya'yan masu hali ba za su daina ba. Idan aka hana, ɗan talaka kaɗai aka hana.

Wannan hujja ce gwamnatin Ghana ta riƙe. A 2020, shekarar da rukunin farko na shirin karatun sakandare kyauta suka zo rubuta jarrabawar WAEC, gwamnati ta sayi kundin tsofaffin tambayoyi ta raba wa ɗalibai. A 2021 ta sake sayen fiye da dubu 400, a kan kuɗin da ya haura sidi miliyan 30. 'Yan adawa sun yi ca a majalisa a kan tsadar da yadda aka ba da kwangilar, wasu masana ilimi kuma suka ce da littattafan karatu aka saya da ya fi. Gwamnati ta tsaya a kan cewa abin da ɗan mai kuɗi ke saye da aljihun ubansa ne ta miƙa wa kowa.

Masu bita suna da madogara a binciken masana ma. A 2006 wasu masu nazarin halayyar ƙwaƙwalwa a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai gajerun rubuce-rubuce. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta sau ɗaya aka yi ta gwada su. Bayan mako guda, waɗanda aka gwada sun tuna kashi 61 cikin ɗari, masu maimaita karatu suka tuna kashi 40. Gwaji da kansa koyo ne, ba awo kawai ba.

Masu bitar suna ƙarawa da cewa yaron da ya yi bita ya san inda ya tsaya, shi ya sa ba ya rawar jiki zuwa makarantun nan da ake kira mirakul santa, inda ake rubuta amsa a allo bayan an sallami mai sa ido. Tsoro ne ke kai yawancin yara satar amsa, kuma saba wa takarda yana rage tsoro.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ɗaya ɓangaren ba da wasa ya zo ba.

Tambayarsu ta farko mai sauƙi ce: ina Turancin? Daga 2014, lokacin da kashi 31.28 kawai suka samu kiredit biyar da Turanci da Lissafi, zuwa 2021 da adadin ya kai 81.7, sakamako ya ninka fiye da sau biyu. Shin yaran 2021 sun ninka na 2014 iya Turanci? Malaman jami'a da kwalejojin ilimi da ke karɓar waɗannan yara ba su ga alama ba. Yarinya ta zo da B3, a ce ta rubuta wa shugaban sashe takardar neman uzuri ta layi biyar, ta tsaya tana juya biro. Kowace jami'a a Najeriya tana tilasta wa 'yan shekarar farko darasin Turanci na gama-gari, kuma a nan ne ake ganin tazarar da ke tsakanin takardar sakamako da abin da ke cikin kai. Wani ɓangare na wannan tazara maguɗi ne, babu musu. Wani ɓangaren kuwa, in ji masu suka, halastacciyar bita ce ta haifar da shi: yaro ya koyi gane amsa idan ya gan ta cikin huɗu, bai koyi ƙirƙiro jimla daga babu ba.

Gwajin furuci shi ne misalin da suka fi so, kuma da wuya a kare shi. A Ghana da Gambiya da Saliyo ana kunna murya ɗalibai su saurara su amsa. A Najeriya da Laberiya a takarda ake yi, shiru kamar an yi mutuwa. Ana tambayar yaro wace kalma ce ke da wasali irin na wata, wace gaɓa ake dannawa, ba tare da ya buɗe baki ko ya ji wani ya buɗe ba. Turancin Ingila yana da sautukan wasali 20. Hausa tana da biyar, gajeru da dogaye, da tagwaye biyu. Bahaushe yana fama da bambanta sautin p da f, yana kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu. Maganin wannan kunne ne da baki. Amma tunda a takarda za a tambaya, sai malamin lesin ya ba yara jerin kalmomin da suka saba fitowa su haddace, da alamomin sauti da dabarun cire amsoshi biyu a yi canki-canka tsakanin biyun da suka rage. Yaro ya ci 24 cikin 30, bai taɓa furta ko ɗaya daga cikin kalmomin daidai ba.

Haka abin yake da littafin JAMB. Hukumar ta ɗora wa kowane ɗalibi ƙagaggen labari guda don a tilasta masa karatu. Daga 2021 zuwa 2024 littafin Khadija Abubakar Jalli ne, The Life Changer, wanda labarinsa ya zagaya Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Littattafai ne sirara da za a gama cikin kwana biyu. Duk da haka, kafin littafin ya gama zaga kasuwa, taƙaitawarsa ta riga ta zaga WhatsApp, da tambayoyi ɗari da ake sa ran za su fito. Abin dariyar shi ne, a cikin littafin Jalli akwai ɗalibar da satar amsa ta jawo wa kora daga jami'a, kuma dubban yara sun san hakan ne daga amsar tambaya ta kaza a jerin da aka turo musu.

Insha'i ma bai tsira ba. Akwai wuraren lesin da ke ba yara insha'i shiryayye guda biyar ko shida su haddace: ɗaya a kan shaye-shaye, ɗaya a kan rashin aikin yi, labari ɗaya mai ƙarewa da darasi. Ranar jarrabawa yaro ya duba tambayoyi biyar da aka ba shi, ya nemi wadda ta yi kusa, ya juye. Rahotannin manyan masu duba takardu da WAEC ke wallafawa sun sha kokawa da wannan, tare da gajerce-gajercen saƙon waya da ke kutsowa cikin rubutu da kuma rashin karance-karance. Wanda ya juye insha'in da bai amsa tambaya ba yana rasa makin abin da aka faɗa gaba ɗaya. Dabarar ko jarrabawar ba ta ci.

Masu suka suna kuma juya hujjar satar amsa a kan masu ita. Idan aka shekara ana gaya wa yaro cewa abin nema shi ne sanin tambayar da za ta fito, taki ɗaya ne tsakanin tambayar bara da ake hasashe da tambayar gobe da aka sato. A ranar 28 ga Mayun 2025 yara a jihohi da dama sun rubuta Turancin WAEC da dare, wasu da hasken tocila da fitilar waya, kuma hukumar ta ce ƙoƙarin toshe ɓullar tambayoyi ne ya jawo jinkirin. Kasuwar satar ba za ta ci ba in babu masu saye, masu sayen kuma an daɗe da koya musu cewa kiredit ne haja.

To me suke so a yi? Karatu. Suna tuna zamanin da ɗan sakandare ke ɓoye littafin Pacesetters a ƙarƙashin tebur, jerin da kamfanin Macmillan ya fara a 1977, wanda The Undesirable Element na Mohammed Sule yana cikin na farko-farkonsa. Littafi ɗaya ya zaga ɗakin kwana har bangonsa ya cire. Babu wanda ya kira wannan bita, amma a nan kunnen yaro ke sabawa da yadda jimlar Turanci ke tafiya. Su ma suna da nasu binciken. A farkon shekarun 1980 Warwick Elley da Francis Mangubhai sun zuba littattafan labarai kimanin 250 a azuzuwan wasu makarantun firamare na karkara a tsibirin Fiji, inda Turanci ba harshen gida ba ne. Cikin wata takwas yaran suka ci gaba a karatu da fahimta ninki biyu na yadda aka saba. Kuma kada a ce yaran Hausa ba sa son karatu. Yarinyar da ake cewa ba ta karatu ita ce ke gama littafin soyayya na Hausa mai shafi ɗari uku a waya cikin dare biyu. Sha'awar tana nan, ba a kawo mata na Turanci daidai ƙarfinta ba ne.

Wasu dattawa kan wuce nan su kawo Kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin da Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Ba su san kundin tsofaffin tambayoyi ba, in ji su. Wannan hujja ba ta da ƙarfin da ake ba ta. Kwalejin Katsina 'yan tsirarun yara take ɗauka a shekara, zaɓaɓɓu daga lardunan Arewa, suna kwana suna tashi da malamai Turawa da ke gyara musu furuci kalma-kalma. Ba a kwatanta wannan da ajin da yara ɗari ke zaune, wasu a kan taga.

Kuma a wannan aji mai yara ɗari ne masu bita suke mayar da martani mafi zafi. Sun ce duk abin da aka faɗa game da karatu gaskiya ne, amma magana ce ta firamare da ƙaramar sakandare. Yaron da ke gabansu yana aji shida, saura wata huɗu. Ya taso a makarantar da ake koyar da Turanci da Hausa, babu laburare, wataƙila ma malaminsa na firamare yana cikin irin waɗanda jihar Kaduna ta gwada a 2017, inda 21,780 cikin kimanin dubu 33 suka kasa cin jarrabawar 'yan aji huɗu. Manufar harshen koyarwa kanta ba ta zauna wuri ɗaya ba: a 2022 aka ce harshen uwa har ƙarshen firamare, a 2025 aka soke aka ce Turanci. Ba yaron ne ya yi wannan ɓarna ba. An san ba a fafe gora ranar tafiya, amma tafiyar ta riga ta zo. A ce masa ya je ya karanta littattafai hamsin? Ko a nuna masa yadda zai tsira da C6 ya samu shiga kwaleji, wataƙila can ya gyara? Malamin da ya zaɓi na biyu ba maci amana ba ne.

Wannan martani yana da nauyi, kuma duk mai adalci zai karɓe shi. Sai dai yana da rami a ciki, ramin kuma lissafin makin nan ne na farko. Kashi biyun da ake amsawa da zaɓi, 40 da 30, maki 70 ne cikin 170. Sauran 100 sai an rubuta da hannu. Amma idan aka leƙa yawancin wuraren bita, akasin haka ake raba lokaci: kwana huɗu ana A, B, C, D, insha'i kuwa sai dai a yi bayaninsa a allo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tambayar zaɓi tana duba kanta, amsa tana bayan littafi, yara ma sukan yi musayar takardu su duba wa juna. Insha'i kuwa sai mutum ya zauna da jan biro.

A yi lissafi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. A ɗauki malamin da ke da aji huɗu, kowanne da yara ɗari, abin da ba baƙo ba ne a manyan makarantun gwamnati na birane. Idan ya ba da insha'i ɗaya, takardu 400 ne, kalmomi dubu 180. Ko minti biyar-biyar ya ba kowace, ya haura awa 33, kusan aikin mako guda cur, ban da shiga aji. Shi ya sa ake samun yaron da ya gama sakandare bai taɓa karɓar insha'insa da aka bi layi-layi aka gyara ba. Ranar jarrabawa kuwa rabin maki ake cirewa a kan kowane kuskuren nahawu ko rubutun kalma ko alamar tsayawa, har makin tsabta goma su ƙare. Kuskure 20 ke nan cikin kalmomi 450. Yaron da ya saba da ginin Hausa na «Musa ya tafi», da suna da wakilinsa a jere, yakan kwashe shi ya kai Turanci inda ba a haɗa su. Yakan manta harafin da ake liƙa wa aikatau idan mutum ɗaya ake magana a kai, yakan fara labari a shuɗaɗɗen lokaci ya ƙare a na yanzu. Kafin ya kai rabin shafi goman sun tafi, kuma irin waɗannan kurakurai suna jan makin sarrafa harshe ƙasa. Tambayar zaɓi dubu ba za ta cire masa su ba, don a can gane daidai yake yi, ba a taɓa nuna masa nasa kuskuren a cikin tasa jimlar ba.

Binciken Roediger da Karpicke ma, da masu bita ke jingina da shi, idan aka duba yadda aka yi shi, ba zaɓin amsa aka ba ɗaliban ba. Farar takarda aka miƙa musu, aka ce su rubuto duk abin da suka tuna. Wahalar tono abu daga ka ita ce ta dasa shi. Yaron da ke karanta tambaya ya juya baya ya duba amsa ya gyaɗa kai, yana cikin rukunin masu maimaita karatu ne, ba rukunin waɗanda aka gwada ba, ko da kundin da ke hannunsa sunansa tsofaffin tambayoyi.

Masu shirya yara musabaƙar Alƙur'ani sun daɗe da gane wannan. Kafin a tafi gasa akan zaunar da yaro, a ja masa baƙi daga inda bai zata ba, a buga ƙararrawa idan ya kuskure, don ya saba da zaman gaban alƙalai. Amma babu malamin da ke yi wa wanda bai yi hadda ba wannan horo, kuma babu wanda ke barin yaro ya yi ta tilawa shi kaɗai ba mai saurare yana gyara masa.

Saboda haka hukuncin bai faɗa wa ɓangare ɗaya gaba ɗaya ba, amma bai rabu daidai ba. Masu bita sun yi gaskiya a kan wata huɗun ƙarshe: zama da agogo, sanin tsarin wasiƙa, sanin dokar taƙaitawa, da taɓa kwamfuta kafin ranar JAMB, duk haƙƙin kowane yaro ne, balle yanzu da WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu tun 2024 kuma gwamnati ke tura ta ga 'yan makaranta. Masu suka sun fi su gaskiya a kan sauran shekaru biyu da rabi. Makarantar da ta fara tsofaffin tambayoyi tun aji huɗu ta cinye lokacin da ya kamata yaro ya karanta labarai ya yi ta rubutu, kuma ba ta da uzurin ƙurewar lokaci. Ita ta ƙure shi da kanta.

Abin da zai yiwu a aji mai cunkoso ba shi da ƙyalli. Maimakon insha'i cikakke sau ɗaya a zango, sakin layi ɗaya na kalmomi 80 kowane mako, wanda malami zai iya dubawa cikin minti ɗaya. A zaɓi kuskure iri ɗaya a bi shi har ya mutu kafin a koma wani. A ɗauki rubutun yaro ɗaya, a ɓoye sunansa, a kwafe a allo, aji duka su gyara. Nassin auna fahimta da ke cikin tsofaffin takardun nan kansa abin karantawa ne mai kyau, idan aka karanta shi da murya, aka tattauna, aka sa yara su sake faɗinsa da bakinsu kafin a taɓa tambayoyin. Akwatin littattafai talatin na gwanjo da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta iya saye ya isa aji guda ya yi ta juyawa shekara. Rahoton manyan masu duba takardu kuwa yana shafin WAEC na intanet kyauta, kuma ya fi yawancin kundayen kasuwa faɗin abin da ke kayar da yara.

Uban da zai biya kuɗin lesin bana, kafin ya tambayi tambayoyin shekara nawa ake bi a wurin, ya ce a nuna masa littafin insha'in ɗalibi ɗaya na bara. Idan ya buɗe ya ga rubutun yaro da jan biron malami a kai, shafi bayan shafi, ya biya. Idan aka ce babu irin wannan littafi, ya kai ɗansa wani wurin.